Gigin tsufa ya kama uwa, 'ya'ya sun rabu uku: wa ke da ikon yanke mata shawara?

Ummu Khairat:

Assalamu alaikum. Tambaya ce a kan wani iyali, kuma amsar masu sanin abin nake nema, don maganar "a yi haƙuri a sasanta" an gwada ta, ba ta yi ba.

Dattijuwa ce mai shekara 79. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce tana da cutar mantuwa, irin ta Alzaima. A gidanta take, 'yarta ta tsakiya ke kwana da ita. Tana gane 'ya'yanta, tana cin abinci da hannunta, amma tambaya ɗaya sai ta maimaita ta sau goma. Sau biyu ta bar murhun gas a kunne, sau ɗaya ta fita da asuba aka tsinto ta nesa da gida.

Babban ɗanta yana so a sayar da gidan, a kai ta gidan kula da tsofaffi, a riƙa biya da kuɗin. Hujjarsa ita ce tunda likita ya faɗi sunan cutar, ba ta da sauran ta cewa. 'Yar da ke jinyarta ta ce ko yaushe aka tambaye ta, cewa take ba inda za ta, kuma wannan maganar mai hankali ce. Auta kuma ya fito da takardar wakilci da ta sa wa hannu wata biyu da suka wuce, wadda ta ba shi iko da asusunta na banki. Sauran biyun ba su san da ita ba sai ranar da ya nuna.

Ana cikin haka, yau kwana huɗu ke nan ta rikice fiye da da. Ba ta barcin dare, tana ganin mutane a ɗaki, da rana kuma ta wuni gyangyaɗi. Babban ya ce ga shaida ta fito, a kira likita yanzu ya rubuta cewa hankalinta ya gushe.

Shin sunan cutar kaɗai ya isa a ƙwace mata ikon yanke shawara? Ta yaya ake auna ko tana da wannan iko? Takardar auta tana aiki? In sun kasa daidaitawa, wa ke raba gardama?

Likitan_Dattawa:

Wa alaikumus salam. Malama, a ajiye maganar gida da banki tukuna, a kai ta asibiti yau, kada a bari ta kwana.

Alzaima tafiyar hawainiya take yi, wata da watanni. Wanda ya canza cikin kwana huɗu, dare ya koma masa rana, yana ganin abin da babu, to wani abu ne ya hau kan cutar, shi ne ɗimuwar farat ɗaya da muke kira diliriyam. Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwan da suka fi haddasa ta a tsofaffi: cutar mafitsara, ciwon huhu, bayan gida da ya ƙi fita kwana uku ko huɗu, fitsari ya taru a mara ya kasa fita, ƙarancin ruwa a jiki, sukari ya sauka ko ya hau, gishirin jini ya yi ƙasa, ciwon da ba ta iya faɗa ba, ko jini ya taru a cikin kai bayan wata faɗuwar da ba wanda ya gani. Sai kuma magani. A tattara duk abin da take sha, har wanda aka saya ba da takardar likita ba, a zuba a jaka ɗaya a tafi da shi. A duba kwalayen ko akwai tramadol, codeine, diazepam, amitriptyline, oxybutynin, promethazine ko Piriton. Kowanne cikinsu yana iya birkita tsoho mai raunin ƙwaƙwalwa.

Akwai ɗan gwaji da za a iya yi a gida: a ce ta lissafo watannin shekara a juye, daga Disamba zuwa baya. In makon jiya tana iya kaiwa Yuli, yau kuma ba ta ma iya tsayar da hankali ta fara, wannan alamar ɗimuwa ce.

Abin da babban ɗan yake nema, wato a auna ta a wannan makon, kuskure ne babba. Duk rahoton da aka rubuta tana cikin ɗimuwa hoton zazzaɓi ne aka ɗauka, kowane lauya zai wargaza shi. Ɗimuwa takan lafa in an magance sanadinta, wani lokaci cikin kwanaki, wani lokaci sai an yi makonni. Sayar da gida ba gaggawa ba ce, a jira.

To, ga ainihin tambayar. Sunan cuta ba ya ƙwace wa mutum ikonsa. Kuma tambayar "tana da hankali ko ba ta da shi" ita ce ke raba iyalai, don ba haka ake yin ta ba. Ana tambaya ne: wannan shawara takamaimai, a wannan lokaci, tana iya yanke ta? Mutum ɗaya zai iya zaɓar wanda zai yi masa wanka, ya iya cewa ga wanda ya amince ya riƙe masa kuɗi, amma ya kasa bin lissafin cinikin gida. Gwargwadon nauyin shawara da wuyar warware ta in an yi kuskure, gwargwadon fahimtar da ake nema. A wannan iyali shawara uku ce daban-daban aka cukuikuye wuri ɗaya: inda za ta zauna, sayar da gida, da riƙe asusu. Kowacce awonta daban.

Ma'aunin da likitoci a ƙasashe da yawa ke bi shi ne wanda dokar Ingila da Wales ta 2005 ta rubuta a fili. Ana fara ɗaukar mutum a matsayin mai iko har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yanke shawarar da wasu ke ganin wauta ce ba hujja ba ce ta rashin iko. Sannan a duba abu huɗu: ta fahimci bayanin da ya shafi shawarar, ta riƙe shi a ƙwaƙwalwa gwargwadon lokacin da za ta yanke, ta iya auna amfaninsa da illarsa, ta iya bayyana zaɓinta ko da da nuni ne. In ɗaya ya faɗi saboda cutar, ikon wannan shawarar ya faɗi. A lura da na biyun: ba a ce sai ta tuna gobe ba. In ta riƙe bayanin na minti goma ta yanke, ya wadatar, musamman in gobe aka sake tambaya ta ba da amsa iri ɗaya.

Yadda ake zaman yana da muhimmanci kamar tambayoyin. A yi shi da hantsi, don masu wannan cuta sun fi rikicewa da yamma. Ta ci abinci, ta yi fitsari, tabaraunta na ido, in tana da na'urar ji a sa mata, a kashe talabijin. A yi da harshen da ta tashi da shi. Kada ɗaya daga cikin 'ya'yan uku ya zauna a ɗakin, har wadda ke jinyarta, don tsohuwa takan kalli fuskar wanda ke ba ta abinci kafin ta amsa. A gabatar da zaɓi biyu ko uku cikin gajerun jimloli. Kada a tambaye ta "kin gane?", don kowa zai ce e. A ce ta maimaita da bakinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne aunawa. A ce an tambaye ta, "Mama, in kika ci gaba da zama a nan, me zai iya faruwa da dare?" In ta ce, "Na san na taɓa barin wuta, na san zan iya faɗuwa, amma gara in faɗi a ɗakina, ku samo mai kwana da ni," wannan ta auna, ko da iyali ba su so amsar ba. In kuwa aka ajiye mata tukunyar da ta ƙone a gabanta, ta ce ita ba ta taɓa barin wuta ba, kuma ai maigidanta na nan yana kula da ita, alhali ya rasu shekara da shekaru, to bayanin ba ya shiga lissafinta. Duka biyun "ba inda za ni" suke cewa, amma ba ɗaya ba ne.

A rubuta tambayoyin da amsoshinta kalma da kalma, da rana da lokaci, a sake zaman wata rana daban. Kada kuma wani ya riƙe makin gwajin ƙwaƙwalwa ya ce shi ne hukunci. Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa na MMSE da MoCA duk a kan maki 30 suke, suna nuna zurfin rauni, amma ba su aka yi don auna ikon shawara ba. Wanda bai yi karatu mai zurfi ba, ko aka gwada shi da harshen da ba nasa ba, yakan sami maki ƙasa da hankalinsa.

Barista_Mai_Hula:

Likita ya gama da jiki, bari in ɗauki takarda. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, lauyan inda dattijuwar take shi zai duba nassin, amma ƙashin bayan abin kusan ɗaya ne ko'ina.

Zama babban ɗa ba ya ba mutum iko da dukiyar uwarsa tana raye. Yin jinya ma ba ya bayarwa. Iko yana fitowa ne daga wuri uku kawai: ita kanta muddin tana iya yanke shawarar, ko wakilin da ta naɗa tun tana iyawa, ko kotu. A fikihu ma akwai babin hajru, wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa don a kare masa ita, kuma ga wanda hankalinsa ya raunana bayan ya girma, malamai da yawa a hannun alƙali suka sa wannan, ba a hannun wanda ya fi ƙarfin murya a gida ba.

Babban ɗan bai lura hujjarsa tana cin kanta ba. In da gaske ba ta da iko, to ba ta iya sa hannu a takardar cinikin gida, shi kuma ba shi da hurumin sa mata. Cinikin da aka yi haka ana iya rushe shi daga baya, shi ya sa lauyan mai saye in ya san aikinsa zai ja da baya da zarar ya ji labarin cutar. In kuwa tana da iko, ta riga ta ce a'a. Ta kowace fuska gidan ba ya sayuwa da maganarsa shi kaɗai.

Takardar auta kuwa, tambaya biyu za a yi mata.

Ta farko, yaya dattijuwar take a ranar da ta sa hannu? Ba a yau ba, a ranar. Kasancewar an gano cutar shekara biyu kafin nan bai rushe takardar kai tsaye ba, don naɗa wakili shawara ce da mai matsakaicin rauni zai iya fahimta: wa nake ba wa, me zai iya yi da kuɗina, zan iya janyewa. Abin da kotu ke bi shi ne yadda aka yi. Wa ya nemo lauyan, wa ya biya shi, wa ya kai ta? Lauyan ya gana da ita ita kaɗai, ya rubuta abin da ta ce? An karanta mata da harshen da take ji? Su wa suka shaida, suna da alaƙa da autan? Me fayil ɗinta na asibiti ya ce a makonnin da ke kusa da ranar? Ɓoye takardar da ya yi ba hujja ba ce ita kaɗai, amma alƙali zai tambaye shi dalili. Kuma ko da an tabbatar ta fahimta, akwai wata ƙofa daban, wato cewa an yi amfani da rauninta da dogaronta an matsa mata.

Ta biyu, wace irin takarda ce? A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, wakilci na gama-gari yana mutuwa ne daidai lokacin da mai bayarwa ya rasa ikonsa, wato lokacin da aka fi buƙatarsa. Sai wanda aka rubuta shi musamman don ya ɗore bayan gushewar iko, a inda doka ta tanadi hakan. A Ingila irin wannan mai ɗorewa kashi biyu ne, na dukiya daban, na lafiya da walwala daban, kuma ba ya aiki sai an yi masa rajista a ofishin gwamnati da ke kula da su. Saboda haka ko takardar auta ta inganta, ikon taɓa asusu bai ba shi ikon sayar da gida ba sai in an rubuta, bai kuma ba shi ikon cewa ga inda za ta kwana ba. A karɓi kwafi a karanta layi-layi. In ta gama-gari ce kuma dattijuwar ta rasa iko, takardar ta zama tsumma. In tana da iko har yanzu, tana iya soke ta a rubuce, a kai wa banki sanarwa.

Abin yi a wannan makon: a rubuta wa banki cewa akwai saɓani a kan takardar da kuma lafiyar mai asusun, bankuna da yawa sukan taƙaita cire kuɗi har a warware. A nemi auta ya kawo bayanan asusun tun daga ranar da ya fara taɓawa, da rasit na kowane abu. Wakili amintacce ne, ba mai dukiya ba. Ba ya ba kansa kyauta, ba ya ranta wa kansa, ba ya haɗa kuɗinta da nasa a asusu ɗaya. In ya ƙi kawo lissafi, ƙin nasa ya zama hujja.

In an kasa daidaitawa, sai a nemi kotu ta naɗa mai kula. Za ta buƙaci rahoton likita a kan shawarar takamaimai, jerin dukiyar, da sanar da duk 'ya'yan. Ku sani tana iya tsallake su ukun ta naɗa bare in ta ga rigimar ta yi yawa, abin yana ɗaukar watanni, kuma galibi daga aljihun dattijuwar ake biyan kuɗin. Don haka a fara gwada mai shiga tsakani wanda ba ya cikin masu gado.

Ƙarin gargaɗi: irin wannan rigima takan haifi sabuwar wasiyya a ɓoye. Ma'aunin wasiyya nasa daban ne, tun shari'ar Banks da Goodfellow da aka yanke a kotun Ingila a 1870: ta san wasiyya take yi, ta san kimanin abin da ta mallaka, ta san waɗanda ya kamata ta tuna da su, kuma ba wani ruɗi na cuta ne ya juya ta a kan wani ba. In dole sai an yi, likita ya auna ta a ranar, ya rubuta, ya sa hannu.

Abu_Sumayya:

Likita da Barista, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin an ɗan sassauta wa ɓangaren 'yar. Ita ma ba a raba ta da buƙata ba, a gidan take zaune, in aka sayar ita ce za ta tashi. Ba zargi ba ne, amma in za a fitar da mutane daga ɗakin gwaji saboda maslaha, a faɗi tata a fili kamar ta sauran.

Na biyu, rashin sanin cewa ana da ciwon yana cikin ciwon. Ba taurin kai ba ne, ba musu ba ne, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke lura da gazawa shi ma ya taɓu. Kuma masu Alzaima sukan riƙe ladabin hira har cutar ta yi nisa. Gaisuwa tsaf, dariya a wurinta, "lafiya lau, alhamdu lillahi." Likitan da ya zauna da ita minti goma zai fita yana cewa ai garau take. Shi ya sa dole mai aunawa ya fara jin bayanin abin da ke faruwa a gida daga bakin kowane ɗa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya shiga wurinta, don ya san da me zai gwada amsoshinta. In bai san labarin tukunyar ba, ta ina zai gane ta musanta?

Na uku, ko an tabbatar ba ta da iko, "ba inda za ni" ɗin nan ba a jefar da shi. Wanda zai yanke mata dole ya sa shi a ma'auni, tare da abin da ta saba faɗa tun tana garau, ya kuma zaɓi hanyar da ta fi ƙarancin tauye ta. Babban ɗan yana tsammani takardar likita za ta buɗe masa ƙofa gaba ɗaya, alhali ƙarin sharaɗi za ta ɗora masa.

Ummu Khairat:

Na gode ƙwarai. An kai ta. An sami fitsari ya taru a mara sai da aka sa roba, kuma ashe kwana goma da suka wuce aka fara ba ta oxybutynin saboda yoyon fitsari. An tsayar da shi. Ta ɗan dawo amma da yamma har yanzu tana tashi tana neman ƙofa. Yanzu babban yana cewa a nemi maganin da zai kwantar da ita, 'yar ta ƙi. Kuma kafin a sake auna ta, yaya za a tafiyar da gidan ba tare da an cinye juna ba?

Sista_Jinya:

Malama, sannu da ƙoƙari. Maganar maganin kwantarwa, 'yar ta fi gaskiya, amma a ba babban amsa mai dalili, kada a ce masa a'a kawai.

Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da risperidone suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin irinsu tun 2005, ta haɗa da tsofaffin magungunan a 2008. A Birtaniya risperidone an yarda da shi ne ga masu Alzaima na mako shida kawai, ga mai kai duka wanda aka gwada sauran hanyoyi suka ƙi. Diazepam da danginsa kuwa su ke kawo faɗuwa da karayar ƙugu, su kuma ƙara ɗimuwar da ake ƙoƙarin fita daga ciki. Neman ƙofa da yamma bai kai wannan matsayi ba.

Abin da ke aiki ya fi wahala amma ba ya kisa. A kunna fitilu kafin duhu ya fara, a ja labule, don inuwa ce ke zama mata mutane. A hana barcin rana ya wuce minti talatin zuwa arba'in, a fito da ita haske da safe. A kai ta bayi duk awa biyu zuwa uku ba sai ta nema ba. A riƙa rubuta ranar da ta yi bayan gida. In tana yamutsa fuska yayin tashi ko tana ƙin a taɓa wani wuri, a gaya wa likita ya duba ciwo, sau da yawa farasitamol a kan ƙa'ida yana kwantar da wanda ake shirin ɗura wa maganin barci. In ta ce za ta tafi gida alhali a gida take, kada a yi mata musu. A ce, "To Mama, bari mu sha ruwa tukuna," a zaga da ita tsakar gida, a ba ta tawul ta ninke. Robar fitsarin kuma a tambayi ranar cire ta, don in ta daɗe ita ma tana jawo cuta.

Haɗurra biyun da babban ya dogara da su duka suna da maganin da bai kai sayar da gida ba. Gas: a rufe daga kan tukunyar gas ɗin, a cire abin kunnawa, ko a sa makulli a ƙofar kicin. Fita: ƙararrawa a ƙofar waje wadda za ta tashi mai kwana, sakata a can sama inda ido ba ya kaiwa, da abin hannu mai ɗauke da lambar waya. Kada a kulle ta a ɗaki ita kaɗai a tafi, in gobara ta tashi ba mai fitar da ita.

Amma fa babban yana da gaskiya ta wani ɓangare, ko da bai iya faɗinta ba. Mako yana da awa 168. Mace ɗaya da ake tasa sau uku a dare ba za ta ɗore ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da ta kwanta ciwo, za a kai dattijuwar duk inda aka samu a gurguje, ba zaɓi. Don haka a buɗe littafi na kwana 14: ƙarfe nawa ta tashi, me ta yi, wa ya tashi da ita, minti nawa aka ɗauka, ta ci ko ba ta ci ba, ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Babban da auta kowa ya karɓi dare biyu a cikin kwanakin, shi kaɗai, 'yar ta tafi wani wuri ta yi barci. Gani ya kori ji. Wanda ke zuwa ziyara da hantsi yana ganin wata uwa ce daban da wadda ake gani ƙarfe uku na dare, kuma rabin gardamar daga nan take.

Bayan kwana 14 a zauna da littafin a gaba, da mai shiga tsakani. Zama ɗaya, batu ɗaya. Ranar maganar kwana ba a taɓo banki, ranar banki ba a taɓo wanda ya fi zuwa gaisuwa. A fara da tambayar me ita ta saba cewa tana so, kowa ya faɗi abin da ya ji da kunnensa, a rubuta. Sannan a jera zaɓi da kuɗin kowanne a wata: mai jinyar dare a gida, rabon kwana tsakanin 'ya'ya, wurin kula na wuni kawai, ko gidan kula gaba ɗaya. Duk wanda aka zaɓa a ɗauke shi gwaji na mako huɗu, a tsayar da ranar sake dubawa, a kuma amince tun yanzu a kan abin da zai sa a canza, misali faɗuwa biyu a wata ɗaya, ko ta fice ba a sani ba duk da ƙararrawa, ko ramewa ta ci gaba a ma'auni. In an rubuta wannan tun kafin ya faru, ba wanda zai ce an ci shi da yaƙi.

In ta kai ga ƙaura, a sani makonnin farko takan ƙara rikicewa, don idonta ya haddace hanyar bayi a tsohon gida ko da ƙwaƙwalwa ta manta. A tafi da bargonta, kujerarta da hotunan da ta saba gani, kuma kada a sayar da gidan sai an ga ta zauna.

Kuɗi kuwa, kafin kotu ko takarda ta warware: asusu ɗaya don hidimarta, rasit a ambulan, hoton bayanin banki ga su ukun duk ƙarshen wata, kuma duk kashewar da ta wuce wani adadi da suka yanke sai biyu sun amince a rubuce. Katin cirar kuɗinta da lambar sirri kada su riƙa yawo hannu-hannu.

Likitan_Dattawa:

Sista ta faɗi abin da ya kamata. Abu biyu zan ƙara. Ganin mutane a ɗakin nan, in ya tafi da ɗimuwar, shi ke nan. In kuwa ya ci gaba bayan ta warware, musamman in ana ganin jikinta ya yi tauri, tafiyarta ta koma ja da ƙafa, ko tana duka da ihu cikin mafarki, a koma a ce likita ya sake duba nau'in cutar, don akwai mai suna Lewy, wadda haloperidol ke iya yi wa mummunar illa ko da kaɗan ne. Masu irinta kuma hankalinsu hawa da sauka yake cikin wuni ɗaya, zama ɗaya ba ya isa a auna su.

Ranar aunawa kuma a sa ta kamar mako huɗu zuwa shida bayan ta dawo yadda take kafin wannan rikicewar, ba daga ranar sallama ba. A rubuta wa likitan shawarwarin uku daban-daban a takarda, a nemi amsa daban a kan kowacce, kuma 'ya'yan uku su amince da sunan likitan a rubuce kafin ya gan ta.